Rotse a Ƙasar Gusau: Ma'aunin Alƙali, Ƙahon Wanzami da Dogaran Ƙwaƙwalwa

A cikin dukkan raunukan da ke samun ɗan Adam babu wanda mutanen ƙasar nan suka daɗe suna jin tsoronsa, suka kuma daɗe ba su kai ga haƙiƙarsa ba, kamar rotse. Domin karaya a hannu ko a ƙafa aba ce da maɗori ke lalubawa da yatsunsa har ya gane inda ƙashi ya goce, ya ja shi ya mayar, ya jera karare ya ɗaure, sa'an nan ya yanka wa majinyaci kwanakin da zai yi a kwance, alhali kuwa ƙoƙon kai rufaffe ne, abin da ke cikinsa ba ya lalubuwa, kuma sau da yawa wanda aka ga jini ya wanke masa fuska shi ne ke tashi garau, wanda ko ƙwarzane ba a gani a kansa ba shi ne ake yi wa sutura kashegari. Duk wanda ya bi tarihin wannan rauni a ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu zai tarar cewa alƙalai da wanzamai sun yi shekaru aru-aru suna auna shi da zurfinsa, watau iyakar inda ido ya kai, kuma sai a ƙarnin da ya shige ne likitoci suka fara gano cewa mafi tsawon aikinsa yana wakana ne bayan fata ta rufe, gashi ya tsiro, dangi sun gama zuwa barka.

Ƙasar kuwa ba baƙuwar rotse ba ce. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, a zamanin da 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai da ke cikin ƙasar Tsafe ta yau, ta watse a hannun rundunar Muhammadu Bello. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 kuma garuruwan wannan yanki suka zauna a bakin daga, suna fama da hare-haren Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri har wajen ƙarshen ƙarnin. Barade 'yan lifidi suna da sulke da kwalkwali, amma talakan da ya fita da baka da kwari ba shi da abin da ya raba kansa da kulki ko gatari ko barandami sai hula da layu. Ko a lokacin zaman lafiya ma akwai gorar makiyayi a bakin gona, da kayarwar doki, da faɗowa daga kan giginya, da samarin Kwatarkwashi da ke hawan dutsensu a bikin kamun maiki.

Mutanen da suka fi kowa tsananta nazari a kan wannan rauni a wancan zamani malaman fiƙihu ne, ba don su yi magani ba, sai don su yanke hukunci. Gama ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ya wuce zuwa Muhtasar na Shaihu Halil, lalle ya ratsa babin jinaye, inda aka jera raunukan kai daki-daki tun daga wanda ya tsaga fata kawai, da wanda ya yanki nama, da wanda ya kusa taɓa ƙashi, har zuwa manya uku waɗanda shari'a ta yanka wa diyya sananniya. Na farkonsu shi ne muliha, wanda ya tone har ƙashi ya bayyana, diyyarsa raƙuma 5 daga cikin 100 na cikakkiyar diyyar rai. Na biyu munaƙƙila, wanda ya farfasa ƙashin har sai an tsince ɓarɓashinsa, diyyarsa raƙuma 15. Na uku ma'amuma, wanda ya huda ƙoƙon ya isa tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, diyyarsa sulusin diyyar rai. Abin da bai kai muliha ba an bar shi ga ijtihadin alƙali. Malaman Malikiyya kuma suka hana ƙisasi a kan munaƙƙila da ma'amuma ko da an yi su da gangan, bisa hujjar cewa babu mai iya rama irinsu ga mai laifi ya tabbata bai halaka shi ba, wanda yake iƙirari ne a fili cewa daga ƙashi zuwa ciki ilmin ɗan Adam ya ƙare.

Amma akwai hukunce-hukunce biyu a cikin wannan babi da nake ganin sun fi jerin raƙuman nuna basirar magabata. Na ɗaya, ba a biyan diyyar rauni sai bayan ya warke, domin a ga inda zai tsaya, kada a sallami mai laifi da raƙuma 5 a kan abin da zai zama ajali. Na biyu, an ware gushewar hankali da ji da gani da shaƙar ƙamshi da magana, kowanne da cikakkiyar diyyarsa, dabam da ta raunin fatar. Halil har ya bayyana yadda alƙali zai jarraba wanda ya yi da'awar hasarar ɗaya daga cikinsu, watau a leƙi mai da'awar taɓin hankali a lokacin da yake kaɗaice bai san ana kallonsa ba, a yi wa mai da'awar kurumta kira daga wurare dabam-dabam, a kusanta wa mai da'awar mutuwar hanci abu mai tsananin wari, a ɗanɗana wa mai da'awar mutuwar harshe abu mai ɗaci. Waɗannan malamai ba su taɓa ganin ƙwayar ƙwaƙwalwa ba, amma zaman sauraron ƙararraki ya koya musu cewa bugu a ka yana da wutsiya mai tsawo. Da irin waɗannan littattafai alƙalan lardin Sakkwato suka yi hukuncin raunuka, har a ƙarƙashin Turawa, zuwa 1960 da dokar Final Kod ta maye gurbinsu, kafin Jihar Zamfara ta komo da hukuncin ƙisasi da diyya a watan Janairun 2000.

Shi kuwa magani yana hannun wanzami, wanda ake aika yaro ya kira da gudu, ya zo da zabirarsa a kafaɗa. Abin da zai fara yi shi ne ya jiƙa gashin da ke kewaye da wurin ya aske shi tas, domin ya ga bakin raunin. Ya wanke da ruwan zafi, ya sa hantsaki ya cire tsakuwa ko tsinke ko ɓarɓashin ƙashi in akwai, ya barbaɗa garin bagaruwa ko ya shafa zuma, ya ɗaure da tsumma. In kuwa fata ba ta fashe ba sai ƙulu da ya taso, ko majinyaci ya kwana biyu yana kukan ciwon kai da jiri, sai ya koma ga ƙaho: ya kafa shi a ƙeya, ya tsotse iskar ta ɗan ramin da ke tsininsa ya toshe, ya jira fata ta kumbura, ya cire ya yi tsaga ƙanana da 'yar askarsa, ya mayar ya sake tsotsa, har ya juye gudan jini baƙi ƙirin a cikin kasko ya nuna wa dangi, ya ce ga mataccen jinin nan ya fito, da ikon Allah an rabu da shi. Haƙiƙa wanzami ya yi gaskiya da ya ce jinin da ya taru ya kwanta a ka shi ne makashi. Inda ƙahonsa ya gaza shi ne jinin da ke kisan yana ƙarƙashin ƙashi, ƙahon kuwa fata kaɗai yake ja. Abin da ya gagari ƙaho sai a kai wa malam ya yi tofi da rubutu, in kuma majinyaci ya fara sambatu ko farfaɗiya, sai magana ta koma ta iska.

Ba wai ilmin fasa ƙashin bai taɓa zuwa cikin littattafan Musulmi ba. Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen 925, yana cikin na farko da suka bambanta girgizar ƙwaƙwalwa mai wucewa da raunin da ya lalata ta. Abul Ƙasim az-Zahrawi na Ƙurɗuba kuma, a juzu'i na 30 na littafinsa at-Tasrif, ya rarrabe nau'o'in fashewar ƙoƙon kai, ya zana hoton abin huda mai kafaɗa a bayan tsininsa, wadda ke hana shi zarcewa ya soki tantani. Sai dai abin da malamanmu suka fi rubutawa a fannin ɗibbu, kamar risalolin Sarkin Musulmi Bello a kan ciwon ido da basir da amfanin filasko, da na Malam Muhammadu Tukur wanda ya zauna a Matuzgi cikin ƙasar Zamfara, ya karkata ne ga itatuwa da addu'o'i da ɗibbun Annabi.

Akwai kuma rotsen da ake nema da kai, ana biyan kuɗi a kalla. Dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne da kaka, ya yi kaka-gida a ƙasar Zamfara da Sakkwato, kuma har yau ana ba da labarin karon Shago da Ɗandunawa saboda waƙoƙin Ɗan Anace. Burin ɗan dambe kuwa, da hannunsa naɗe da kara, shi ne ya kai abokin karonsa ƙasa, abin da 'yan wasan ke kira kisa, wanda kuma sau da yawa bugun muƙamuƙi ko na gefen kunne ke kawo shi. A yayyafa wa wanda aka kashe ruwa, ya farfaɗo, makaɗa su zuga shi, bayan 'yan kwanaki ya koma fage. A 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan damben ƙasarsu ke ƙarewa da rawar hannu da jan ƙafa da nauyin baki da mantuwa. A 2002 kuma Bennet Omalu, likita ɗan asalin Jihar Anambara, ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan ƙwallon Amurka da ya rasu a Pitsbag, ya sami alamun lalacewar da ƙananan bugu masu maimaituwa ke tarawa, ko da ba a taɓa fasa ƙashi ba. A ma'aunin muliha da ma'amuma irin wannan bugu ba shi da suna ko kaɗan.

Zuwan jirgin ƙasa daga Zariya, wanda ya ratsa Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, ya mai da Gusau kasuwar auduga da gyaɗa, baƙi suka cika Sabon Gari da Tudun Wada, manyan motoci suka kama hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato ta Tsafe da Bungudu. Daga nan ƙarfe da kwalta suka karɓi aikin da kulki ke yi. Da babur ya zama abin neman abinci, musamman bayan Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996, sai 'yan kabu-kabu da fasinjojinsu suka zama manyan masu kwanciya da rotse, kuma kowa ya tuna yadda aka yi a watan Janairun 2009, sa'ad da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka, wasu fasinjoji kuma suka ƙi sa ta mai babur don tsoron sammu. A 'yan shekarun nan ta'asar 'yan bindigar daji ta ƙara nata kason na harsashi da adda. A ɗaya ɓangaren, Latunde Odeku ya buɗe sashen fiɗar ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar nan a Badun a 1962, Farfesa Bello Bala Shehu ya kafa cibiyar wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, fiye da kilomita 200 daga Gusau, kuma likitocin Asibitin Tarayya da na Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau suna da nasu ma'aunin, wanda Teasdale da Jennett suka ƙago a Gilasgo a 1974, mai duban buɗe ido da amsa magana da motsin gaɓɓai, daga maki 3 na mai doguwar suma zuwa 15 na mai cikakken hayyaci.

Abin da ke faruwa a bakin titi kuwa bai sake sosai ba. Babur ya zame, mutum ya bugi kwalta da gefen kai, ya suma. Jama'a su taru, wannan ya ciccibe shi ta hammata kansa na reto, wancan ya kwara masa ruwan leda, wani ya ɗura masa a baki. Ya buɗe ido, ya faɗi sunansa, ya ce shi lafiyarsa lau, a yi hamdala a kai shi gida. Zuwa la'asar ya yi amai, ya ce barci yake ji, uwar gida ta ce a bar shi ya huta. Alhali wata jijiyar jini da ke manne da ƙashi ta ciki ta tsinke, jinin yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa sannu a hankali, wanda da an kai shi inda za a ɗauki hoton kan a huda ƙashin a zuƙe, da wataƙila ya koma sana'arsa.

To, wanda ya tsallake wannan siraɗi fa, mene ne ke gudana a kansa? A nan ne labarin ya koma Sifen, inda a 1919 wani likita mai suna Pío del Río Hortega, yana aiki a Madrid, ya yi amfani da wani rini na azurfa da ya haɗa, wanda ya bayyana masa wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu rassa, warwatse a tsakanin ƙwayoyin jijiya, ya raɗa musu suna maikurogiliya. Ya kuma soki ƙwaƙwalwar dabbobi da gangan, ya ga bayan 'yan kwanaki waɗannan ƙwayoyi sun janye rassansu, sun yi ƙiba, sun taru a bakin raunin suna haɗiye matattun abubuwa. Ƙwaƙwalwa tamkar birni ce mai ganuwa, domin jijiyoyin jininta suna da shinge mai hana yawancin abin da ke yawo cikin jini shiga, har da fararen ƙwayoyin jini waɗanda su ne rundunar garkuwar jiki. Saboda haka Mahalicci ya ajiye mata dogaranta na cikin gida, waɗanda aka tabbatar a 2010 cewa tun tayi yana ɗan mitsitsi suke shiga, su zauna suna sabunta kansu har ƙarshen rai, kuma sun kai kusan ushirin ƙwayoyin da ke cikinta. An daɗe ana zaton barci suke yi sai an yi rauni, har 2005, lokacin da masana a Jamus da Amurka suka kankare ƙoƙon kan ɓera mai rai ya yi shara-shara, suka leƙa da madubi, suka ga rassan ba sa tsayawa ko da ƙiftawar ido, suna miƙewa suna komawa suna shafar maƙwabtansu. Da aka ƙona wani ɗan ɗigo da haske kuwa, cikin kamar rabin sa'a rassan da ke kewaye suka karkato suka yi masa zobe, suna bin wani sinadari, ATP, da ke tsiyayowa daga ƙwayoyin da suka fashe.

Wannan aiki na farko alheri ne tsantsa, gama su ne ke killace ɓarna kada ta yaɗu, su kwashe mushen ƙwayoyi da jinin da ya zuba, su saki sinadaran da ke taimakon jijiya ta farfaɗo. Amma su ne kuma ke sakin sinadaran kumburi da masu ƙuna, su yi kiran fararen ƙwayoyin jini su kutso ta inda shingen ya tsage. Kumburi kuwa, wanda a dantse ba kome ba ne, a cikin ƙoƙon da ba ya buɗewa matsi ne mai hana jini gudu. Abin da ya fi ba likitoci mamaki shi ne daɗewar al'amarin. A 2011 masana a Landan suka ɗauki hoton kawunan mutanen da suka taɓa samun mummunan bugu, suka sami waɗannan ƙwayoyi a harzuƙe a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, nesa da inda aka bugu, har ga wanda ya shekara 17 da rauninsa. A 2013 kuma binciken gawawwaki na haɗin gwiwar Gilasgo da Fensilbeniya ya sami irin wannan a kashi 28 cikin 100 na waɗanda suka rayu fiye da shekara guda bayan bugu ɗaya tak, tare da zaizayewar zaruruwan da ke sadar da sassan ƙwaƙwalwa.

Mai gaggawa zai ce ai sai a kashe kumburin a huta, kuma haka likitocin duniya suka yi ta yi shekara da shekaru da allurar sitiroyid, har aka yi babban gwaji mai suna CRASH a kan majinyata 10,008, aka dakatar da shi a 2004 domin an ga waɗanda aka yi wa allurar sun fi mutuwa, kashi 21 cikin 100 a mako biyu, sauran kuwa kashi 18. A 2018 aka jarraba maganin minosaikilin a kan 'yan majinyata kaɗan a Landan, ya kwantar da ƙwayoyin maikurogiliya kamar yadda aka so, amma alamar lalacewar jijiya a cikin jininsu ta ƙaru maimakon ta ragu. A 2020 wasu masana a Amurka suka share ƙwayoyin daga kan ɓeraye wata guda bayan rauni, suka bar sababbi suka tsiro, ɓerayen suka sami sauƙi. Wasu a Ostareliya kuma suka nuna cewa sharewar kaɗai ba ta da fa'ida, sababbin da suka tsiro su ne ke gyaran. Saboda haka har yanzu babu wani magani da aka tabbatar yana juya waɗannan ƙwayoyi a kan ɗan Adam, kuma abin da ke ceton rai a Gusau shi ne dai abin da ke cetonsa a Landan, watau kada numfashi ya toshe, kada jini ya yi ƙasa, a tallafi wuya wajen ɗauka, a zuƙe gudan jini kafin ya danne.

Inda wannan ilmi ya fi shafar mutanen Tudun Wada, a ganina, shi ne watannin da ke bayan sallama daga asibiti. Magidanci ya koma gida da tabo ɗan ƙarami, bayan shekara guda iyalinsa su ga ya zama mai saurin fushi, yana mance ciniki, ba ya jin ƙamshin miya, ko farfaɗiya ta fara kayar da shi. A ce sammu ne ko aljanu, a yi ta yawon gidajen masu ruƙiyya, wani lokaci har aure ya mutu, kuma in an je wurin likita daga baya babu mai tunawa ya ambaci faɗuwar babur ta bara, tun da a wurinsu wannan ta warke tuntuni. Ya kamata mai rakiya ya faɗe ta ko ba a tambaye shi ba, da watan da ta faru, da tsawon sumar da aka yi, da ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko ta hanci. Alƙalin da aka kawo wa ƙarar rotse kuma, tun da littafinsa ya riga ya umurce shi da jira sai rauni ya tsaya, yana da hujjar neman shaidar likita a kan hankali da ji da shaƙa kafin ya rufe shari'ar, ko da fatar ta daɗe da haɗewa.